Safa ba ta fita, zare kuma ya cika ɗaki

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce a nan Damagaram, unguwar Garin Malam, ƴaƴana uku. Na koyi saƙa tun ina budurwa, da tsinke da kwarashi duk na iya. Shekara biyu ke nan da na fara saƙa safa don sayarwa, ta manya da ta jarirai. Kowa ya gani sai ya yaba, amma da na faɗi kuɗi sai a ce ai a Kasuwar Dole ana samun safa a sefa 500 ko ƙasa da haka. Ta manya tana cin mini dunƙulen zare biyu, kowane sefa 500, in yi kwana uku zuwa huɗu a kanta, in sayar jika ɗaya da rabi. Ta jarirai kuma dangi da maƙwabta ke kwashewa, wasu kyauta, wasu "zan aiko". Babbar damuwata ita ce zare. Ba na iya ganin launi mai kyau in wuce, duk wanda zai je Kano sai na ba shi saƙo. Yanzu akwatin ƙarfe ɗaya da buhu biyu a cike suke, ban ma san abin da ke ƙasa ba, kuma na ga wani ya fara tsintsinkewa da kansa. Kwasar adashena ta bana, jika 60, kusan duk a zare ta tafi. Maigidana bai sani ba, yana tsammanin tana nan a ajiye, ga zubi yana jirana kowane mako. In bar sana'ar ne, ko yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ɗiyata.

Kada ki bar sana'ar. Sayen zare za ki bari, daga yau, har sai akwatin nan ya yi rabi. Kin aiko mini da damuwa kashi-kashi, ta farashi daban, ta dangi daban, ta maigida daban, amma duk a gindin abu ɗaya suke: kina sayen zare don yana faranta miki rai, sannan ki ce wa kanki jari ne. Ba laifi ba ne mace ta so abu mai kyau, wata atamfa ce ke ɗauke mata hankali, wata kwanuka. Sai dai mai tara kwanuka ta san ado take yi. Ke kuwa kin sa wa naki sunan kasuwanci, shi ya sa kika iya zuba masa jika 60 zuciyarki ba ta buga ba.

Mu fara da safar manya, da lissafin da ke kanki kika ba ni. Zare ya ci jika ɗaya, kin sayar jika ɗaya da rabi, saura sefa 500. Kwana uku zuwa huɗu, ga girki, ga yara, ga wanki, a ce kina samun awa uku a rana; awa tara ke nan zuwa sha biyu. Raba 500 a kansu, wajen sefa 50 kawai kika samu a awa. Mafi ƙanƙantar albashi a Nijar tun farkon 2024 jika 42 ne a wata, wanda in aka raba shi kan awannin aiki yana kamawa wajen sefa 240 a awa. Don ki kamo wannan kawai, sai kin sayar da safar sama da jika uku, har kusan jika huɗu. Wa zai ba ki haka don abin da zai cusa cikin takalmi?

Masu ce miki a Dole ta fi arha ba raini suke yi ba, gaskiya suka faɗa. Waccan safar inji ne ya yi ta cikin ƴan mintoci. Akwai gari guda a ƙasar Sin, Datang a lardin Zhejiang, da ke fitar da biliyoyin safa a shekara, ga kuma ta gwanjo da ake zubewa a ƙasa a zaɓa. Hannunki ba zai taɓa yin tsere da wannan ba, ko da kin daina barci. Saboda haka duk safar da inji ke yi, ki bar masa ita.

Akwai kuma maganar zaren kansa, wadda ina zargin ba a taɓa gaya miki ba. Abin da muke kira ulu a kasuwanninmu yawancinsa ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne, akirilik. Ki duba takardar da ke naɗe da dunƙulen, in tana nan. In babu, ki yanko ɗan guntu kamar tsawon yatsa, ki riƙe shi da bakin almakashi a kan faranti, ki sa masa ashana. Na roba zai ƙanƙance ya narke, ya yi baƙin hayaƙi da warin leda, ya bar wani baƙin dunƙule mai tauri da ba ya murƙushewa. Ulun gaske yana warin babbakar gashi, irin na kan rago ranar layya, wutar ta mutu da kanta, abin da ya rage kuma ki murza shi ya zama gari. Na auduga yana ci kamar takarda, ya bar toka mai laushi. Ki yi wannan a tsakar gida, yara suna nesa.

Abin da ya sa na dage a kan haka: zaren roba ba ya shan gumi. A cikin takalmi ƙafa ta jiƙe, ta yi wari, dunduniya ta yi ƙuraje-ƙurajen zare, kafin wata biyu ta huje. Masu saƙa safar takalmi a ƙasashen sanyi siririn zare suke amfani da shi na musamman, yawanci kashi 75 ulu, kashi 25 nailan, giram 100 mai tsawon mita wajen 400, da siraran tsinkaye, ido 60 ko 64 a kowane zagaye. Ba shi ne a buhunki ba. Naki mai kauri ne, mai laushi, mai ɗumi, mai jure wanki, kuma abin da ya dace da shi daban ne.

Na farko jarirai. Dunƙule ɗaya na giram 50 yana fitar da safar jariri ƙafa biyu har sau biyu, kuma aikin yini ɗaya ne ko ƙasa da haka. Amma kada ki riƙa sayar da ita ita kaɗai. Haɗa ta da hula da ƴar riga, launi ɗaya, ki wanke, ki shanya a inuwa, ki ninke cikin farar leda mai tsabta. Mai zuwa barka ko suna ba ɗumin ƙafar jariri kaɗai take saye ba, tana son abin da za a buɗe gaban mata a ce "kai, wa ya kawo wannan?" Irin wannan mai saye ba ta kwatanta ki da mai tebur a Dole. Haihuwa kuma ba ta jiran hunturu.

Ki kula da aikin sosai a nan. Juya safar ki duba ciki da yatsa: kada a bar dogon zare yana lilo, domin yana iya naɗe ɗan yatsan jariri ya tsuke shi, uwa ba ta gani ba sai kuka ya ƙi ƙarewa. Kada ki ɗinka duwatsun ado ko maɓalli, jariri yana kai ƙafa baki. Igiyar idon sawu ta zama gajera, mai sakwa-sakwa. Uwar da ta ga kin yi wannan tunanin za ta dawo, ta kuma turo ƙawarta.

Na biyu tsofaffi. Ɗarin Disamba da Janairu a Damagaram ba ya kai na wasu ƙasashe, amma wanda ya taka siminti da asuba bayan alwala ya san shi. Dattijo mai kumburin ƙafa, ko tsohuwa mai ciwon sanyi, safar kasuwa tana matse musu ƙwauri, robar bakinta ta bar musu shaida. Ga abin da inji ba ya yi: ki aika a ɗora ƙafar Baba a kan kwali a zagaye ta da biro, a auna kaurin ƙwaurinsa da zare, ki saƙa masa tasa ta zaman gida da kwanciya, mai faɗin baki, ba ɗinki a yatsu. Ƴaƴansa ne za su biya, musamman waɗanda ke Yamai ko Agadas suna neman abin aiko wa gida, kuma ba za su tsaya ja-in-ja a kan sefa 500 ba. In kina son ta daɗe, kai wa baduku ya ɗinka mata tafin fata mai laushi. Garin nan ba a rasa dukawa da majema. Sai dai kada ki ce wa kowa ana shafa a kanta wajen alwala don ki samu ciniki. A mazhabar Malikiyya huffin fata ake shafa a kai, da sharuɗɗansa, wanda ya tambaye ki ki tura shi wurin malami.

Irin wannan safar ba a saƙa ta a ajiye. Sai an yi oda, an ba da kafin alƙalami, rabin kuɗi, sannan ki ɗauki tsinke.

Yanzu akwatin da buhunan. Ki zaɓi rana guda da yara suka tafi lakwal, ki shimfiɗa tabarma biyu a inuwa, ki zazzage komai, har abin da ke can ƙasa da kike tsoron gani. Ki ari ƙaramin sikeli na giram, irin na masu yin kek. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, haka ne, sai dai wajen ragowar zare ido yana ruɗi: abin da kike ganin zai isa hula sai ya ƙare saura zagaye biyar. Ki samu kaye irin na ƴan lakwal, kowane launi da shafinsa. Ki manna ɗan guntun zaren a saman shafin, ki rubuta nauyinsa, da irinsa, da nawa kika saya, da abin da zai zama. Wannan na ƙarshen shi ne alƙali. Duk dunƙulen da kika ɗauka kika kasa cewa "wannan hula ne" ko "wannan safar Baba ce" cikin numfashi ɗaya, ki ajiye shi gefe.

Za ki tashi da tsibi uku, ko kin so ko ba ki so ba. Wanda ya isa aiki cikakke, launi ɗaya mai yawa, shi ne jarinki na gaske. Sai ragowa, ƴan giram goma, ashirin, su ne na ratsi-ratsi a hula da bakin safa, da bargon jariri na murabba'i-murabba'i da kwarashi. Amma ki haɗa masu kauri ɗaya, kada ki cuɗa ulu da roba a abu guda, don wajen wanki ɗaya zai ƙanƙance ya bar ɗayan. Na uku shi ne wanda kika saya don kyau kawai, mai walƙiya, mai gashi-gashi, wanda ba ya zama komai. Shi ne zai fi yi miki wuyar rabuwa, kuma shi za ki fara sayarwa. Akwai ƴan mata masu koyon saƙa a cibiyoyin koyar da sana'a, akwai masu yin ado a mafici da murfin kwano da jakunkuna. Ki sayar musu ko da kin faɗi kaɗan. Sefa 400 a hannu ranar zubi ta fi 500 a ƙasan buhu.

Na san abin da ke tura ki saye, ba kwaɗayin ido kaɗai ba ne. Tun da naira ta faɗi a 2023, mai sefa in ya ji farashin Kano sai ya ga kamar kyauta ake rabawa. Kuma akwai tsoro na gaske, wanda duk mai saƙa ta sani: ki fara aiki, zare ya ƙare, ki koma ki tarar launin ya ɗan sauya. Hakan na faruwa ne don ana rina zare tukunya-tukunya, kuma a takardar kowane dunƙule akwai lambar launi da lambar rini. Launi ɗaya mai lambar rini daban, a ɗaki ba za ki ga bambanci ba, sai an fita rana. Maganinsa ba shi ne ki sayi dozin ba. Ki san giram nawa aikin ke ci, tun da yanzu kina da sikeli, ki sayi daidai nan da ƙarin dunƙule ɗaya, duk masu lamba ɗaya. Kuma ki riƙa raba zaren safa gida biyu kafin ki fara, kowace ƙafa da nata, don kada ta dama ta cinye rabon ta hagu.

In lokacin saye ya dawo, ga iyaka: abin da ya shiga akwatin ƙarfen nan kaɗai. Murfi bai rufe ba, ba saye. Kuɗin zare kuma daga cinikin saƙa zai fito, ba daga cefane ko adashe ba. Masu zuwa Kano ki ce musu a sauka lafiya.

Zaren da kika ce yana tsintsinkewa, ki ware shi tun kafin ki taɓa sauran. In ulun gaske ne, aikin asu ne, kuma ba mai fiffiken ke ci ba, tsutsarsa ce. Za ki ga wani abu kamar rairayi a cikin dunƙulen, da saƙa-saƙa kamar ta gizo. Wanda ya ci sosai ki zubar da shi nesa da ɗaki. Sauran ulun ki ɗaure cikin baƙar leda ki bar shi a rana tsaka kwana biyu ko uku. Zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 a inuwa, cikin baƙar leda ya fi haka nesa, yana kashe tsutsa da ƙwai. In kuwa na roba ne ya tsinke, asu ba ya cin roba, nemi ɓera. Buhu dama ba wurin ajiyar zare ba ne: ƙurar hunturu tana ratsa shi, hayaƙin murhu da turaren wuta suna kama shi, gara kuma in ta samu hanya ta cinye takardun lambar da zaren auduga, ta bi sauran da ƙasa. Ki samu bokitan roba masu murfi, kowane launi a ledarsa, ki ɗora su kan bulo, ki janye su daga jikin bango. Busasshen ganyen dogon yaro a ƙulle cikin ƙyalle yana taimakawa.

Kafur kam, a'a. Na san shi iyayenmu ke jefawa cikin akwati, amma kada ya kusanci zaren kayan jarirai ko kaɗan. Waɗannan fararen ƙwayoyin yawanci sinadarin naftalin ne, kuma a yankinmu akwai jarirai da yawa da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD. Irin wannan jaririn, warin kafur da taɓa fatarsa na iya farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini, ya yi ciwon shawara mai tsanani a kwanakinsa na farko. Uwa ba ta san ɗanta yana cikinsu ba, ke ma ba ki sani ba. In akwatinki ya riga ya sha kafur, zaren cikinsa ya tafi aikin manya.

Dangi da maƙwabta ba zan daɗe a kansu ba, domin ke kika saba musu. Ki yanke wa kanki adadin kyautar da za ki yi a shekara, ta haihuwar ƴan uwa na jiki, ki yi ta daga tsibin ragowa, ki kai da hannunki da fara'a. Sauran, da an ce "ki yi mini irin ta wance," ki ce to, kawo kuɗin zare in fara. Mai niyyar biya za ta kawo. Tsohon bashin "zan aiko" ki bi sau ɗaya cikin raha, ki tura yarinya da gaisuwa. Wanda bai fito ba ki yafe, amma kada a ƙara wani a kansa. Kayan da kika gama kuma ki daina baje su a gado inda kowace baƙuwa za ta ɗaga ta ce ya yi wa ɗanta daidai. Ki ɗauki hotonsu a kan farin zane da hasken safe, ki sa a WhatsApp da kuɗinsu a rubuce, kayan su koma bokiti.

Saura maigida. Kuɗin adashen naki ne, ba wanda zai ce ba ki da ikon juya dukiyarki. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne barinsa da kika yi yana lissafi da kuɗin da babu su. Ranar da wata larura ta taso, yaro ba lafiya ko hatsi ya yanke, zai ce "ɗauko waɗannan ki ara mini," kuma a ranar ne maganar za ta fi muni, don ba zaren zai gani ba, ɓoyon zai gani. Ki riga shi. Amma ba yau ba, sai kin gama ƙirga. Ki zauna da shi da kayen a hannu, bayan ya ci abinci, ki ce Malam, kuɗin nan na sa su a zare, na wuce gona da iri, ga abin da ke nan, ga wanda zan sayar, ga lokacin da nake sa ran sauran zai dawo. Zai yi faɗa ko ya yi shiru, duk ki ɗauka. Kada ki roƙe shi jari a zaman nan, kuma kada ki yi alkawarin ranar da ba ki da tabbas a kanta.

Duk abin da ya fara shigowa, zubi za ki fara cirewa, kafin komai. In kin ga wani mako zai gagara, je ki wurin uwar adashe tun kafin ranar ki gaya mata, kada ki bari ta aiko. A unguwa, matar da ta kwashi adashe ta fara ɓuya, labarinta yana riga kayanta isa gidajen mutane, kuma waɗannan matan su ne masu sayen hular jariran.

Wajen lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai fara saƙa kayan sanyi a Disamba za ta gama su ne iska ta juya. Da bazara hannu yana gumi, zare yana kama yatsa, sai ki taƙaita ga ƙananan abubuwa bayan asuba. Damina ce lokacin aikinki, daga Yuli zuwa Oktoba ki tara huluna da kayan jarirai, farkon Nuwamba ki fara nuna su, ki kuma karɓi odar tsofaffi tun kafin sanyi ya sauka, ki rubuta suna da awon ƙafa da abin da aka bayar. Kada ki karɓi fiye da abin da hannu biyu za su gama cikin mako uku, ko da ana roƙonki.

Allah ya sa albarka, ya rufa asiri. Ki gaida yaran.

Gwaggonki